Sa Hannun da Injiniya Ya Ƙi Yi

"Sa hannu ɗaya fa, Auta! Ɗaya tal!" Yaya ya faɗa yana kaɗa takardar a gaban fuskarta. "In saurayin naki bai iya yi miki wannan ba, ni ban ga amfanin soyayyar ba."

Safiyar Asabar ce, suna zaune a falo. Umma na ninke wanki, Baba na bakin ƙofa ya baje kan keken ɗinkin da aka kawo masa gyara, kamar ba ya jin su. Auta kuwa ta takure a gefen kujera, idanunta sun yi jawur. Takardar daga ofishin hostel ɗin kwalejinsu ta fito: nan da kwana goma za a zagaya duba ɗakuna, duk ɗalibar da ta lalata kayan ɗaki sai ta biya kafin a ba ta kiliyarans. Ita ko shekarar ƙarshe take, babu kiliyarans babu sakamako.

Abin haushin ma ba ita ta yi ɓarnar ba. Gwaggo ce ta zo har gida ta roƙa a bar 'yarta, wadda kowa ke kira 'Yar Gayu, ta raɓa a ɗakin Auta tunda ba ta samu gado ba. Doka ta hana, amma wa zai ce wa Gwaggo a'a? Wata biyu kacal 'Yar Gayu ta yi. Ta kafa ƙusa shida a bango don rataye jakunkuna, ta ɓalle ƙofar wadrob, ta manta dutsen guga a kan teburin karatu har ya bar baƙin tambarinsa. Da ta samu ɗaki a cikin gari ta kwashe kayanta, ko "sori" babu.

"Yaya, aikinsa ne fa," in ji Auta a hankali. "Amana aka ba shi."

"Amana! Kafinta ne fa, ba alƙali ba. Da ma can ban so zancen nan ba. Kina shirin karɓar digiri ki ƙare da mai guduma?"

Umma ta ajiye zanin da ke hannunta. "Ni dai kada maganar ta fita a ji 'yar Gwaggonku ce. Zumunci zai lalace. Ki je ki lallaɓa shi, 'yar nan. Mai sonki ba zai so kukanki ba."

Wanda ake maganar, ɗalibai Injiniya suke ce masa don tsokana. Shi ne kafintan hostel, shi ne kuma ke zagayawa da fom a ƙarshen zango. Ranar da Auta ta fara shiga ɗakin suka haɗu. Ta karɓi fom ɗin shiga za ta rattaba hannu ba tare da ta karanta ba, ya ce, "Malama, dakata. Duba gilashin tagar nan, a tsage yake. Famfon ma yana ɗiga. Rubuta duka, ki ɗauki hoto da wayarki. Abin da ba ki rubuta yau ba, gobe naki ne." Ta yi dariya ta ce ya cika tsanani, amma ta yi. Daga nan gaisuwa ta zama hira, hira ta zama abin da zuciya ta kasa ɓoyewa.

Ranar Litinin da rana ta same shi a ɗan shagonsa da ke bayan hostel, yana feƙe ƙafar kujera. Ta zayyana masa komai.

"Filis, ka rubuta ɗakin lafiya lau. Wa zai sani?"

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Ni zan sani. Ke ma za ki sani. Kuma yarinyar da za ta shiga ɗakin baɗi, ita za a ɗora wa."

"Wato ba za ka yi ba?"

"Ba zan yi ba, Auta. Tun makon jiya ma na roƙi Matiron, shugabar hostel, ta ba wani duba ɗakinki, don bai dace ni in duba ba."

Sai ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. "Ashe gaskiyar Yaya ne!" Ta juya da gudu hawaye na zuba, yana kiranta, "Tsaya ki ji, akwai hanya!" Ko waiwaye ba ta yi ba.

Kwana biyu ba ta ɗaga wayarsa. A rana ta uku ta buɗe saƙon da ya turo, layi biyu ne kawai: "Karanta bayan fom ɗinki, doka ta tara. Ina nan in kin shirya." Ta lalubo fom ɗin a ƙasan akwati. Dokar ta ce ɗalibar da ta kai rahoton ɓarna da kanta kafin ranar dubawa, za a iya ba ta izinin gyarawa, sai dai ta sayi kayan gyaran. Shekara guda fom ɗin na hannunta, ba ta taɓa juya bayansa ba!

Amma kai rahoto na nufin faɗin gaskiya duka. Ta je ƙofar ofishin Matiron, ta yi sallama ta shiga. Ta faɗi ƙusoshin, ta faɗi wadrob da tebur, ta kuma faɗi cewa ta ajiye 'yar'uwarta ba da izini ba.

Matiron, dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta kalle ta sama da ƙasa. "Shekarata goma sha takwas a nan, kullum sai in ji aljani ne ya ƙona tebur. Yau dai na ga mutum." Ta yi mata faɗa sosai, ta rubuta mata takardar gargaɗi a kan baƙuwar, sannan ta sa hannu a izinin gyara. "Kafinta zai nuna miki, amma da hannunki za ki yi. Ki san zafinsa."

Haka kuwa aka yi. Da kunya ta koma shagon. Samfefa, takardar goge katako, kawai ya miƙa mata da guntun katako. "Bi layin itacen, kada ki gicciye shi."

"Ba za ka ce in ba ka haƙuri ba?"

"Goga tukuna, Hajiya, haƙurin ya jira."

Ta fashe da dariya hawaye na gangarowa. Kwana huɗu tana fitowa daga lacca ta ɗaura ɗankwali ta hau aiki. Ta zare ƙusoshin, ta toshe ramukan, ta shafa fenti. Ta goge tebur har tafin hannunta ya yi kanta, baƙin tambarin ya ɓace. Ƙofar wadrob ce ta gagare ta, shi ya ɗaura ta a gaban Matiron.

Ranar dubawa wani ma'aikaci daban ya zo. Ya shafa tebur, ya buɗe wadrob ya rufe, sai ya tsaya a taga. "Wannan gilashin fa? Ga famfo ma na ɗiga." Auta ta miƙa masa fom ɗin shiga, ta nuna hotunan da kwanan watansu. Ya gyaɗa kai ya buga hatimi. Ta rungume takardar tana faɗin, "Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi!"

Baba da kansa ya zo ɗaukarta, Yaya na tuƙi. Baba ya kama hannunta ya ga kantar, ta ba shi labari tun daga farko. Ya sa ta raka shi shagon, Yaya na biye da su. Injiniya ya miƙe ya durƙusa ya gaishe shi.

"Kai ne ka sa mini 'ya kuka?"

"Ni ne, Baba. A gafarce ni."

"Da ka sa hannun nan, da yau ba ka gan ni a nan ba." Baba ya juya ga Yaya. "Ranar nan ina jin ku, na yi shiru ne in ga abin da yaron zai yi. Wanda ya ƙi yin ƙarya dominta, ba zai yi mata ƙarya ba. Mu da muke 'yan'uwanta mu muka jefa ta a ciki, muka kuma ce ta rufe da ha'inci. Shi ya fitar da ita da mutuncinta. Gwaggonku kuwa ni zan same ta."

Yaya ya sosa ƙeya, ya miƙa wa Injiniya hannu. "Ka yi haƙuri, malam. Na yi maka gurguwar fahimta."

"Ka ce wa manyanka ina jiransu," in ji Baba.

Auta ta rufe fuska da mayafi ta ruga mota. Bayan wata biyar aka ɗaura aure, Umma ta fi kowa rawar jiki, tana gaya wa duk wanda ya zo cewa ita da ma tun farko ta san yaron kirki ne.

Har yau in Auta ta tuna kwanakin nan sai ta ɗaga hannu ta gode wa Allah da bai ba ta abin da ta roƙa a shagon nan ba. 'Yan'uwana ɗalibai, kayan hostel amana ne: ku rubuta abin da kuka tarar, ku faɗi abin da kuka ɓata tun da wuri, kada kunyar dangi ta sa ku karya doka. Mai sonku na gaskiya kuma ba shi ne mai ce muku "to" a kan komai ba. Wani lokaci shi ne wanda zai dubi hawayenku, zuciyarsa na ƙuna, ya ce "a'a", sannan ya tsaya tare da ku har ku gyara.