Rumfar Inabin Baba

"Wayyo, Tela, sauke addar nan!"

Auta ta tsaya a bakin lambu. Rabin rassan gwaibar Baba na ƙasa, masoyinta kuwa sai murmushi yake yi, gumi na zuba.

"Sanyin idona, ai ɗan kawunki mai walda ne ya ce Baba ya gaji da bishiyar nan..."

"Wanda ke neman aurena ne zai ba ka shawara? Ko tsuntsu Baba ba ya bari ya sauka a kanta."

Iska ce ta kayar da inabin Baba, mai walda ya yi alkawarin rumfar ƙarfe. Shi ne Tela ya so ya riga shi, domin Baba ya sha faɗa cewa hannun da ya saba da allura ba zai riƙe gida ba.

"Na shiga uku," in ji Tela, ya saki addar.

"Tunda an sare, an sare. Kama nan, mu yi sauri," in ji Auta.

Suka kafa manyan rassan, suka gitta ƙananan. Da aka zo ɗauri babu igiya, sai Tela ya zazzage jakarsa: ƙyallaye ne ja da shuɗi da ruwan hoda. Auta ta zaro ido.

"Wannan ai ragowar rigunana ne..."

"Ban taɓa iya zubar da ko ɗaya ba, zumata."

Daɗi ya kamata har ta manta da tsoro. Suna ɗora inabin ke nan sai ga Baba, mai walda na biye da shi yana washe baki.

Baba ya dubi gwaibarsa. Ya girgiza rumfar da ƙarfi, ko gezau. Sannan ya shafa shuɗin ƙyallen, ya juyo ya kalli shuɗiyar rigar da ke jikin 'yarsa.

"Kai ka aske min bishiya?"

"Ni ne, Baba. A yi haƙuri."

"To, kullum da safe za ka zo ka ba ta ruwa har ta sake 'ya'ya."

Mai walda ya fashe da dariya.

"Kuma ni baƙo ba ya shigar min gida kullum," in ji Baba, yana kallon Tela. "Ka turo manyanka."

Dariyar ta maƙale. Auta ta rufe fuska da tafin hannu, ta ruga cikin gida tana kiran Mama.