Motar da Ba a Jin Zuwanta

Ana gab da kiran magariba, Bashira tana rege shinkafa a tsakar gidansu na unguwar Bani Malik a Jidda, sai ga dutse ya faɗo cikin ƙwaryar. Ta ɗauka 'ya'yan maƙwabta ne, ta ɗaga murya ta yi musu faɗa. Na biyu ya sauka a kan kwanon ɗaki. Ta tsamo na cikin ƙwaryar ta duba. Tsakuwa ce baƙa, da ɗuminta, tana warin kwalta, alhali layinsu ko kwalta babu.

Mijinta Ɗan'azumi direba ne na wani attajiri, Hamad, mai sitoci a tashar jiragen ruwa. A watan nan aka sauko wa Hamad da sabuwar mota daga jirgi, jinsin tsohuwar tasa ce amma an sake mata zubi. Ta kwanta ƙasa, kujerunta na fata, gilashi yana hawa da kansa, ga sanyi a ciki. Ɗan'azumi ya ishi kowa da labarinta. Tsohuwar, tun daga unguwar Balad ake jin gurnaninta. Wannan kuwa, in ji shi, kana taɓa totur ka bar Jidda, kuma ko tari ba ta yi.

Jifa ya zama na kullum. Da rana ta yi ja sai tsakuwa ta fara zuba, sannan a ji wata mace a bayan duron ruwa tana kiran wani suna da babu mai shi a gidan. Tsoro ya cika su, suka daina cin abinci a waje.

'Yarsu ɗaya, Mastura, yarinya ce da ba ta iya tafiya sai da tsalle. Wata magariba ta zauna a kan tabarma ta ƙi tashi. Bashira ta kama hannunta, sai ta ɗago ta ce da muryar tsohuwa, "Ba mu ji ku ba." Daga ranar ƙafarta ta dama ta mutu. Likita ya duba, ya ce shi bai ga komai ba.

Aka ɗauko Malam Abdulghaffar daga Balad, wani tsoho mutumin Sudan mai ƙarancin magana. Ya zauna gefen yarinyar ya yi ta karatu har duhu ya shigo ɗakin. Can ta buɗe ido ta dubi ubanta.

"Kai direba, ka san gangaren hanyar Makka, inda tsauni ya matso titi?"

Ya ce ya sani.

"Nan muke tsallakawa da magariba tun kafin a zuba kwalta. Tsohuwar motarku muna jin ta daga nesa, mu janye yara. Wannan ba ta da murya. Ka rufe gilashi, ba oda, ba bismilla, ka bi ta kan ƙafar jikata. Har yau jan jiki take."

Ɗan'azumi ya tuna ranar. Ya ji sitiyari ya ɗan girgiza, ya yaba wa motar da ta shanye ramin.

"Bai gan ku ba, baiwar Allah," in ji Malam. "Yarinya kuwa ba ta taka kowa ba. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Jikata ma ba ta taka kowa ba. Ƙafa aka karya, ƙafa nake so."

Malam ya ce za a riƙa danna oda a wurin. Ta yi dariya, ta ce oda ba ta ɗora ƙashi. Ya koma karatu da ƙarfi, Mastura ta yi ta ihu tana murɗewa, Bashira ta toshe kunne tana kuka. Malam ya ɗaga wa Ɗan'azumi hannu alamar kada ya tanka, amma uban ya kasa jurewa.

"Ƙafata ce ta taka totur! Ki bar tata, ga tawa."

"Kai, yi shiru!" in ji Malam.

"Halas, shi ke nan," muryar ta ce. "Na karɓa."

Yarinyar ta yi atishawa, ta ce, "Umma, ƙishi nake ji," ta miƙe ta nufi randa da ƙafafunta. Ɗan'azumi ya yunƙura zai bi ta, ya faɗi.

Hamad bai yi masa wulaƙanci ba, ya karɓi makulli ya ba shi gadin sito. Wata yamma yana zaune a bakin ƙofar da sandarsa, bai ji komai ba sai ganin motar ya yi ta gifta, sabon direba a ciki, ta miƙe hanyar Makka. Rana ta yi ja. Ya dogara sanda ya ja ƙafa zuwa titi yana ihu, "Oda! A gangaren nan ka danna oda!"

Gilashin a rufe yake.