Bencin Bakin Ƙofa

A wata 'yar unguwar Kiristoci da ke bayan Daudawa, inda gonakin auduga suka kewaye gidaje, akwai wata matashiya mai suna Rahila. Ran wata Asabar da la'asar tana tsakar gida tana sheƙar masara, 'yarta Baraka na korar kaji, sai ga Yusha'u kafinta ya yi sallama, garin katako duk ya ɓata masa gashi.

"Rahila, na gaya wa Mama."

Ƙwaryar ta kusa suɓuce mata. "Ka gaya mata mi?"

"Cewa na gaji da tuwon gwauro, kuma na ga wadda nake so."

"Haba Yusha'u! Ban ce ka bari ba?"

"Sori, bakina ne ya riga ni—"

Bai ƙarasa ba sai ga Mama Adama, mahaifiyarsa, ta shigo. Ashe ta biyo bayansa. Ita ce shugabar zumuntar mata ta majami'arsu, mace mai kwarjini wadda ba ta ɗaga murya. Rahila ta durƙusa ta gaishe ta.

"Tashi, ban zo faɗa ba," in ji Mama Adama. "Kina da ladabi, kina da sana'a, ban taɓa jin kin zagi kowa ba. Amma tun da kakan yaron nan ya karɓi bishara, ba wani ɗan gidanmu da ya taɓa zama a bencin baya. Ke kuwa duk Lahadi in na waiga, can nake ganinki. In ke da kanki kin ce nan ne wurinki, ni wa ce da zan kai ki ɗakin ɗana?"

Ta juya ta fita. Rahila kuwa a ranta ta yarda matar nan gaskiya ta faɗa.

Shi wannan benci, sai na yi muku bayaninsa. A majami'arsu maza na zama dama, mata hagu. Amma can bakin ƙofa akwai wani tsohon benci mai gurguwar ƙafa, wanda ba na maza ba ne, ba na mata ba. Na masu horo ne. Duk wanda ya yi laifin da ya fito fili, nan yake zama har dattawa su ga tubansa su maido shi cikin jama'a.

Rahila ta zauna a kansa ne bayan ta dawo daga koyon ɗinki a Funtuwa da cikin wani saurayi da ya yi mata alkawarin aure, ya kuma ɓace. Ta yi horonta, ta tuba da hawaye. Fasto ya kira ta gaba, ya sanar an karɓe ta, ta ci jibin Ubangiji, abincin tunawa da mutuwar Yesu, tare da kowa. Amma da Lahadi ta kewayo, ƙafafunta suka sake kai ta bakin ƙofa. Ba wanda ya ce ta zauna can, ba kuma wanda ya ce ta tashi. Haka aka yi ta tafiya har Baraka ta yi wayo a kan bencin nan.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, Rahila ta tsani jikinta. Gani take ƙazanta ce a cikinsa da ba ruwan da zai wanke. Ko zuciyarta ta buga don ta hango Yusha'u tafe, sai ta ji kamar ta sake yin zunubi, ta ruga ɗaki tana roƙon gafara.

Washegarin zuwan Mama Adama, ran Lahadi, ana tsakiyar waƙar buɗewa a majami'a, sai Yusha'u ya ajiye jitarsa, ya bar layin 'yan kwaya, wato mawaƙan majami'a, ya ratsa majami'a tun daga gaba, ya zo ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Ƙafar bencin ta yi ƙara.

Waƙa ta mutu a bakin mutane. Kowa ya san abin da zaman nan yake nufi: namiji ba ya zama can sai ya yi abin kunya. Ga shi kuma kusa da Rahila! Mama Adama ta waiga, ta dafe ƙirji, aka riƙe ta aka fita da ita tana kuka.

Kafin rana ta faɗi magana ta kai har Tafoki, wai Rahila ta sake jawo wani. Dattawa suka ce Yusha'u ya ajiye jita har a bincika. Mama Adama ta daina cin abinci.

Rahila ta same shi a shagonsa, idanunta jawur.

"Ka kyauta! Kunyar da nake ɗauke da ita ba ta isa ba, sai ka ƙara mini wata? Je ka gaya musu ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu!"

"Na gaya musu. Suka ce to mi ya kai ni can? Na ce wurin da matata za ta zauna, nan zan zauna."

"Ni ba matarka ba ce!"

"Tukuna dai." Ya ajiye zarto. "Rahila, ran da kika tashi daga bencin nan, ni ma na tashi. In ba ki tashi ba, sai dai in gyara masa ƙafa, don bayana ya fara ciwo."

Ba ta yi dariya ba. Ta koma gida da niyyar tattara kayanta ta tafi wurin gwaggonta a Damari, ko yaron mutane ya huta.

A ƙofar gida ta iske Baba Ɗanhausa, dattijon da ya fi kowa tsufa a majami'a, zaune a gindin bedi, Baraka na wasa da sandarsa. Ta ji yana tambayar yarinyar, "Ke 'yar nan, mi ya sa ba ki zuwa gaba ki yi waƙa da sauran yara?"

Baraka ta ce, "Mu 'yan baya ne, Kaka. Allah ba ya so mu matso kusa."

Rahila ta ƙaraso wurinsu. Ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Ba ta taɓa gaya wa yarinyar haka ba. Bencin ne ya koya mata.

Tsohon ya bari sai da ta yi shiru.

"'Yata, ni a gidan masu tsafi aka haife ni. In mutum ya ɓata wa iskoki rai, sai ya yanka kaza. Baɗi ya sake yankawa. Ubana har ya mutu yana yanka, bai taɓa jin an ce ya isa ba. Abin da ya jawo ni wannan hanya shi ne da na ji an yi hadaya sau ɗaya, Yesu ya ce an gama. Ke kuwa duk Lahadi sai kin kawo kazarki bakin ƙofa. Yanzu ga shi kin fara yanka ta 'yarki."

"Baba, ni na san abin da na yi."

"Shi ma ya sani, ya kuma yafe. Kuma ki ji: wanda ya yi miki zuciya shi ya yi miki jiki. Shi ya fara haɗa mace da namiji a cikin gona, ya duba ya ce yana da kyau. Don an taɓa yaudararki da so, ba shi ne zai sa so ya zama ƙazanta ba."

Rahila ba ta tafi Damari ba.

Ran Lahadi, da Fasto ya ce ko akwai mai ba da shaidar abin da Allah ya yi masa, sai ta miƙe. Ta kama hannun Baraka. Tsakanin bakin ƙofa da gaba ba nisa, amma gani ta yi kamar za ta je garin Ƙanƙara a ƙasa. Da ta isa, ta juyo ta fuskanci jama'a.

"Kun san ni. Na yi ciki ban yi aure ba, ga 'yar nan, kuma ba zan ƙara ɓoye ta a bayan kowa ba. Na tuba, an karɓe ni, amma ni ban karɓi kaina ba. Yusha'u bai taɓa ko riƙe hannuna ba. Saboda ni ya zauna can. Ina son shi — i, na faɗa, a gaban Allah da gabanku — kuma yau na daina jin kunyar hakan. Ubangiji ya wanke ni. Ba zan koma bencin can ba."

Rahila ta dubi ɓangaren mata: duk bencuna cike, ba wadda ta motsa. A layin farko Mama Adama ce zaune, ta rame, tana kallonta. Ta daɗe tana kallonta. Can sai ta tattare zanenta, ta gusa.

"Zo ki zauna, 'yata. Wannan tafiyar da kika yi, ni kaina ban san ko zan iya ba." Ta ɗauki Baraka ta ɗora a cinya.

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Masu tulu suka hau kiɗa, mata suka miƙe da waƙa, daga baya kuma aka ji muryar Yusha'u: "Fasto, pilis, ni ma in tashi? Bayana!" Dariya ta cika ɗakin, har da Baba Ɗanhausa yana share hawaye da hularsa.

Bayan an cire auduga aka ɗaura aure. Yusha'u ya roƙi dattawa su ba shi tsohon bencin, suka ba shi. Ya kankare shi, ya sa masa sabuwar ƙafa, ya shafa masa mai har yana ƙyalli. Ran biki Mama Adama da kanta ta shimfiɗa masa zanen zumunta, aka ajiye shi gaban majami'a, ango da amarya suka zauna a kai, Baraka a tsakiyarsu tana lilo da ƙafafu. Da Yusha'u ya kama hannun Rahila, zuciyarta ta buga kamar kullum. Wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba. Ta riƙe hannunsa gam.

To, ku 'yan'uwana matasa, ku riƙe wannan. Tuba wajibi ne, haƙuri kuma yana da lada. Amma in Allah ya yafe maka, kada ka ci gaba da hukunta kanka, don waɗanda suke ƙaunarka da 'ya'yan da ke kallonka za su zauna inda ka zauna. Ku kuma na gaba, ku riƙa waigawa, ku gusa. Akwai wanda wurin zama kaɗai yake jira.