Bencin 'Yan Dubiya

Shekara takwas ke nan, amma Kyari bai manta gyalen da Raudha ta yafa ranar ba. Ruwan toka ne. Ya kai mahaifiyarsa, Inna Yakaka, asibiti an ba ta maganin maƙoƙo mai tururin nukiliya, sai matashiyar likitar, Raudha, ta ce, "Kwana bakwai kada kowa ya matsa kusa da ita. Ban da 'yan dubiya."

"Likita, a Fagge fa muke. In na kori 'yan dubiya, ni za a kora daga unguwa."

Ta yi dariya har ta rufe baki da fayil. Tun daga nan zuciyar Kyari kafinta ta bar hannunsa.

Da ya koma rumfarsa a Sabon Gari sai ya ƙera dogon benci, ya girke shi a tsakar gida, taku huɗu daga ƙofar ɗakin Inna. Duk wanda ya zo a nan zai zauna, a gaisa, a yi addu'a. Ba a kori kowa ba, ba kuma wanda ya matsa. Ya tura wa likita hoto.

"Mai benci," ta rubuto, "ka san abin da ka yi kuwa?"

Ta mayar da abin bincike: a gida arba'in na masu irin wannan jinya suka gwada dabarar, shi da awo da guduma, ita da na'urar auna tururin da biro. Kafin takardar binciken ta fito, ya daina cewa Likita, ya koma Likitata.

Amma da maganar aure ta taso, mahaifinta, Malam Muhammad Nur Wali, tsohon malamin makaranta, ya ce atafau bai yarda ba. "Yaron da ya bar karatu a aji uku?" Shi Dakta Hamzat yake so ta aura, mai takardun bincike sittin.

Kyari ya ji labari, ya rubuta mata: "Likitata, ki bi maganar Baba. Ina katako, ina littafi?" Ya kashe waya mako guda.

Da ya kunna, saƙo ɗaya ya tarar: "A kan me ake jera littafi in ba katako ba? Rigimamme kawai."

Malam yana alfahari a duk sanda masana suka kafa hujja da aikin 'yarsa. Ran nan ta kai masa jerin takardunta goma sha huɗu, kowace da adadin masanan da suka ambace ta.

"Wannan fa?" ya tambaya. "Ambato ɗari biyu da goma? Ta fi sauran gaba ɗaya!"

"Baba, duba sunayen da ke ƙarƙashin take."

Ya gyara tabarau. Bayan sunanta, na Kyari ne.

"Kai ka koya mana, Baba, duk wanda aka ɗauki ilimi a wurinsa sai an ambace shi. A wurinsa na ɗauka."

Malam ya ninke jerin. Washegari da hantsi sai ga shi a Fagge da kansa. Ya gaisa da Inna, ya zauna a bencin, ya shafa katakon, ya dubi Kyari.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Ba kowa, Baba. Kunyar korar mutane ce kawai."

Malam ya miƙe. "Ka turo magabatanka."

Bayan Sallah ƙarama aka ɗaura aure. Inna ta yi ta sa albarka har muryarta ta dishe.

Yau Inna ta riga mu gidan gaskiya, bencin ya koɗe, 'ya'yansu biyu sun mayar da shi mota. Kyari yana zaune a gefensa wayarsa ta yi ƙara.

"Mai benci, an sake ambatonmu. Ɗari huɗu cif!"

Ya yi murmushi, ya rubuta: "Su yi ta ambato, Likitata. Ni guda ɗaya ya ishe ni, ranar da liman ya kira sunana tare da naki."

Allah ya bar su tare, ya jiƙan Inna.