Ɗakin da Baba Ya Share

Ku matso kan tabarma. Mudi, kashe tocilan nan, idonka zai saba da duhun. Ke kuma Hansatu, tunda ke kika ishe ni da tambaya, kada ki zo kina riƙe mini zani in an kai tsakiya.

Kin ce me ya sa babana, Baffanku Sallau, ba ya kirana da sunana. Kowa Rumasa'u, shi kuwa kullum "ke 'yar nan". Ba alkunya ba ce, ai ba ni ce 'yar fari ba. Ba kuma ƙiyayya ba ce. Inna ce ta fara ba ni labarin, shi ya ƙarasa mini da bakinsa sau ɗaya tak, bai sake ba.

Lokacin yana gyaran famfon sola ne a ƙauyuka. Kun san rijiyar burtsatse mai tanki a sama. A gindin tankin akwai akwatin ƙarfe, shi ke gaya wa famfo lokacin tashi da lokacin tsayawa. A cikin akwatin akwai wata 'yar baƙar ƙwaƙwalwa, ba ta wuce farcen babban yatsa ba. Fulash suke ce mata. Ba irin memorin waya ba ce mai kula da kanta. Wannan tsirara take, sai manhajar da ke tafiyar da akwatin ta tsara mata komai.

Baba ya ce ku ɗauke ta kamar gidan haya mai ɗakuna barkatai, manhajar kuma ita ce mai kula da gidan. Takan haɗa ɗakuna ta yi sassa. Sashe guda na umarnin famfo, wani na ajiye bayanin ruwan da aka ja. Ba ta barin kaya su daɗe a ɗaki ɗaya, zagayawa take da su, don ɗakin da aka cika sharewa shi ke fara mutuwa. To amma akwai wasu ɗakunan da tun daga masana'anta aka sa musu alama a ƙofa. Ba a shiga. Ba a ajiya. Ba a sharewa.

Masu ilmin abin sun ce lalatattu ne kawai. Ogan Baba, Malam Barau, bai taɓa musa musu ba. Abin da yake cewa kawai, ko gona aka sara akan bar gindin tsamiya, kuma duk abin da za ka yi wa fulash ka yi, ban da goge alamar nan.

Ranar da abin ya faru, gobe sunana. Tun ranar haihuwa Baba ya yi mini huɗuba, ya raɗa mini suna a kunne, ya ƙi gaya wa kowa. Inna ta yi lallashi, ta yi fushi, yana ta dariya yana cewa ta jira ta ji tare da jama'a. Duk duniya shi kaɗai ya san sunan, sai ni da ban san komai ba.

Sai aka aiko daga Tsaunin Gwanki, famfonsu ya tsaya, har sun koma shan kududdufi. Malam Barau ya ce ya bari bayan suna su je tare. Baba ya ce ina, ai yanzu zai je ya dawo. Kun dai san Baffanku da gardama. Ya ɗaure jakarsa a babur, ya kama hanya shi kaɗai.

Rana ta take tsaka ya isa. Rijiyar tana bayan gari, a gindin tsaunin. Mutumin da ya raka shi ya nuna masa daga nesa ya tsaya. Ya ce su nan ba sa zuwa rijiya da tsakar rana, ya zo ya sha fura tukuna, in rana ta karkata sai su koma. Baba ya yi godiya, ya ce sauri yake. Mutumin ya dube shi, ya juya.

Ya buɗe akwati, ya jona kwamfutarsa. Umarnin famfon ne ya lalace, sai an zuba sabo. Sabon kuwa ya fi tsohon girma, dole a faɗaɗa sashensa. Ya rage nan, ya matse can, ya ƙara masa duk ɗakin da ya samu. Wuri ya ƙi isa. Saura ƙiris.

Hanyar da ta dace ita ce ya koma birni, a rage wa umarnin nauyi, ya dawo bayan suna. Ya tuna kududdufin da yara ke sha. Ya tuna nisan hanyar. Sai idonsa ya kai kan ɗakunan nan masu alama, suna nan a rufe, ba sa amfanar kowa.

Akwai wani umarni mai share fulash gaba ɗaya, har da alamun. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya danna. Ta sake tambaya. Ya sake dannawa.

Wuri ya isa, har da ragowa. Famfo ya tashi, ruwa ya fara zuba a tanki. Baba ya buɗe kan famfon ya wanke fuska, yana murna.

Sai ya lura gyare sun yi shiru.

Kun san kukan gyare da rana, ba ya yankewa. Ya yanke. Babu tsuntsu, babu kukan akuya daga gari. Ƙarar famfon ma kamar an rufe ta da bargo.

Sai ya ji sallama. Muryar tsohuwa ce, a hankali. Amma daga cikin akwatin ta fito.

Ya amsa, don bakinsa ya riga shi. Da ya waiwaya sai ga ta tsaye a bakin famfo. 'Yar ƙaramar tsohuwa, da kaya niƙi-niƙi a ka. Tabarma a naɗe, tukunya, muciya, har da tsintsiya. Ba ta zo da tulu ba.

"Iya, ruwa za ki ɗiba?"

"Kai ne mai sharar?"

Maganar ta riga ta ƙare kafin leɓenta ya motsa. Sai ya dubi ƙasa. Ruwan da ya zubar ya yi taɓo a wurin, sawunsa na nan raɗau a ciki. Ita tana tsakiyar taɓon, amma bai lotsa ba. Ƙafarta a bushe, fari fat da ƙura.

Hansatu, sakar mini zani. Ai na gaya miki.

A bayanta akwai wasu. Sun yi layi har gindin tsaunin, manya da ƙanana, kowa da ƙunshinsa a ka, kowa ya juya fuska gefe. Ba mai tari, ba mai motsi.

Ta yi masa bayani ba tare da faɗa ba, kuma ya ce da ta yi faɗan da ya fi masa sauƙi. Ta ce da a kurmi suke, aka sare. Suka koma kukoki, aka sare. Suka koma kangaye, aka gine. Daga ƙarshe suka sami ɗan wurin da mutane da kansu suka sa wa alama suka ce ba sa so. Ba su taɓa tsayar da famfon kowa ba. Yau shi ma an share, an zuba musu kayan wasu a ciki.

"Ba za mu kwana a waje ba, ɗan nan," in ji ta. "Kanka kuwa da faɗi."

Nan take ya ji sanyi ya shiga ta hancinsa ya haye ka, kamar wanda ya shaƙi ruwa wajen alwala. Ya kama addu'ar da ya iya tun yana yaro, ya kai tsakiya ta kuɓuce masa. Ya nemi hanyar gida a ransa, babu. Ya nemi fuskar mahaifiyarsa, Kaka Dije, sai fili. Ana ta shiga, ana fitar da kayansa ɗaya bayan ɗaya. Abu guda ya ƙanƙame, sunan jaririyarsa. Yana ta maimaita shi a zuci, don ya san in wannan ya tafi babu wanda zai tuna masa.

Ya durƙusa a taɓon. Ya ce ta yi wa Allah ta dakata, zai mayar musu da ɗakunansu. Ta ce to, tana jira.

Ga inda gizo ke saƙar. Alamun sun tafi, kuma bai kwafe su ya ajiye a ko'ina ba. Bai san wane ɗaki ne nasu ba. Dabara ɗaya ta rage, ya gwada ɗakunan duka. A zuba kaya, a kwaso, a duba. Ɗakin da kaya suka fito a lalace, a mayar masa da alama.

Ya kwashe abin da ya zuba, famfo ya tsaya. Ya fara gwaji. Can sai kwamfuta ta nuna ɗaki guda ya gaza. Ya sa masa alama. Da ya saci kallon layin, wani dogo mai ɗauke da turmi ba ya nan. Hanyar gida ta dawo masa.

Haka aka yi ta yi. Ɗaki ya gaza, a sa alama, layi ya ragu, wani abu ya dawo. Addu'ar ta dawo. Fuskar Kaka Dije ta dawo, ya ce sai da ya yi hawaye. Inuwar tankin ta fara tsawo. Batirin kwamfuta ya yi ja. Tsohuwar ba ta zauna ba, ba ta sauke kayanta ba, ba ta ƙifta ido ba.

Gwaji ya kai ƙarshe. Ya ɗaga kai, layi ya ƙare. Saura ita.

Ya sake gwadawa daga farko. Duk sauran ɗakunan lafiya ƙalau. Daga baya Malam Barau ya gaya masa haka abin yake. Akwai ɗakin da in ka gwada shi da kanka zai nuna maka lafiya, masana'anta ce kaɗai ta san aibinsa, shi ya sa tun farko ba a goge alamar. Amma a lokacin Baba bai san haka ba. Yana cikin gwaji na uku kwamfutar ta mutu.

"Iya, wanne ne naki? Ki nuna mini."

"Ai kai ka goge ƙofar."

Ya roƙe ta. Ya ce in dai sai ta zauna a cikin kansa, ta ɗauki inda sana'arsa take. Ta ɗauki hanyar gida, zai yi tambaya. Ta ɗauki sunansa shi kansa. Ta girgiza kai, kayan da ke kanta ba su ko motsa ba. Ta ce duk waɗannan ɗakunan ana yawan shige da fice, ita kuwa ta tsufa, ba ta son hayaniya.

"Ga wani can ciki," in ji ta. "Sabo. Ba wanda ya taɓa taka shi sai kai."

Ya gane wanda take nufi. Ya buɗe baki zai ƙwala sunan da ƙarfi, ko wani a gari zai ji ya riƙe masa. Iska ce kawai ta fito. Ya ga ta kai hannu tana sauke tabarmarta. Sai gyare suka ci gaba da kuka, famfo ya tashi da kansa ba tare da umarni a cikinsa ba, babu kowa a wurin sai shi a durƙushe cikin taɓo.

Ya dawo gida lafiya, bai ce wa kowa komai ba. Yana fata in ya yi barci zai tuna. Da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka raba goro, rago na ɗaure. Liman ya sunkuyo ya miƙo kunne don a raɗa masa suna. Baba ya buɗe baki ya rufe. Jama'a suna jira. Inna tana ciki da ni a cinya, ta kasa kunne. Da shirun ya yi yawa, sai liman ya rufa masa asiri ya ce Rumasa'u, aka shafa fatiha.

Wannan ɗin ma bai zauna masa ba. Ɗakin da sunan 'yarsa zai zauna akwai mai shi. A faɗa masa yanzu, kafin ya juya ya zube. Ya san ranar da na fara tafiya, ya san ba na cin kuɓewa, in na yi zazzaɓi shi ke kwana a kaina. Amma ya kira ni, ya kasa. Ina ƙarama abin yana ba ni haushi har in ƙi amsa masa. Yanzu tausayinsa nake ji.

Famfon Tsaunin Gwanki kuwa bai sake tsayawa ba har yau, ga ruwan da sanyi kamar na randa. Mutanen garin suna ta sa wa Baba albarka. Shi ko hanyar bai ƙara bi ba.

Saura abu ɗaya, kuma kada wanda ya kai wa Inna. In Baba ya kishingiɗa da tsakar rana barci ya ɗauke shi, wani lokaci akan ji magana ƙasa-ƙasa daga wajensa, sai daga baya leɓensa ya motsa. Inna ta hana ni zama kusa. Ta ce ko me na ji kada in amsa.

Ran nan na shiga ɗauko tsintsiya yana barci. Na ji an kira wani suna. Ban taɓa jin sa ba a rayuwata, amma wallahi sai da na waiwaya. "Na'am" ta zo har bakina, na toshe da hannu na fita da gudu. Da na isa tsakar gida na neme shi a raina, babu.

Don haka in kun ga an sa wa abu alama an ce a bar shi, ku bar shi. Kuma ko da wasa kada wanda ya bi hanyar bayan tsauni shi kaɗai da rana tsaka. In kun ji an kira ku ba ku ga mai kiran ba, ku yi shiru.

Mudi, kunna tocilan. Ka raka ni ɗaki, ta ƙofar Baba zan wuce.