Alƙibla Daga Bolonya

"Wallahi, Hudaifa, ka sake nuna min takalminka sai na kashe wayar nan!"

"Haba ya shekha, yi haƙuri! Hanyar ce duk duwatsu, so kike na faɗi a gaban Turawa?"

"Ka faɗi mana. Garin na ce ka nuna min, ba ƙafarka ba."

Ya yi dariya ya ɗaga wayar, sai ga birnin Bolonya ya cika fuskar wayar Ikram: jajayen gine-gine, da doguwar rumfar dutse mai ginshiƙai wadda ba a hango ƙarshenta.

Ita kuwa tana saman benensu a unguwar Mansur, zaune kan kifaffen bokiti a inuwar tankin ruwa, zafin Makka yana gasa ta. Kamfanin da Hudaifa yake yi wa gyaran injinan askirim a otal-otal ɗin gefen Harami ne ya tura shi Italiya ƙaro sani. Tun kafin ya tashi ya yi mata alkawari, ranar hutunsa zai zaga da ita garin a ƙafa, ita a cikin waya, shi da gumi.

"Shufi, habibti, duba! Kin ga rumfar nan? Haka take duk garin. Ruwa ba ya dukan mutum, rana ba ta ƙona shi."

"Su da ba su da ranar kirki su aka yi wa rumfa. Mu da muke soyuwa fa?"

Bakinta ne kawai yake tsokana. Zuciyarta tun safe a cunkushe take, don akwai maganar da ta yi kwanaki tana haɗiyewa, kuma yau ma ba ta san ta inda za ta fara ba.

Ya bi da ita ta wani matsattsen lungun kasuwa, ya nuna mata cuku manya-manya kamar tayar mota, da wata tsohuwa tana murza taliya da hannu a bayan gilashi. Ya tsaya gaban wata hasumiya da ta karkace, ya rantse ba zai bi ta ƙarƙashinta ba.

"Matsoraci!"

"Na yarda. Ina da amaryar da ban ɗauka ba, ba zan mutu a banza ba."

Ikram ta kawar da kai kamar tana korar ƙuda.

"Kin san abin da ya fi ba ni mamaki?" muryarsa ta yi laushi. "Gidajen nan sun girmi kakannin kakanninmu, kuma ga mutane a ciki suna shanya. Na tuna gidan Jaddata, kakata, da aka rushe a unguwar Misfala. Yanzu ko wurin ban iya nunawa."

"Su nasu ana barinsu su tsufa," ta ce a hankali.

"In izinin aurenmu ya fito, nan zan kawo ki. Da ƙafarki, ba a waya ba."

Izinin nan! Shi ɗan ƙasa ne, kakanninsa tun zamanin tafiyar ƙafa suka zo aikin hajji suka zauna. Ita a Mansur aka yanke mata cibiya, amma a takarda 'yar Chadi ce, ƙasar da ko a mafarki ba ta taɓa takawa ba. Ɗan ƙasa ba ya auren baƙuwa sai da izini, su kuma sun nema, sun jira, har jiran ya zame musu jiki.

Kafin ta amsa, muryar Saudatu matar yayanta ta taso daga ƙasan bene, kuma Saudatu ba ta iya magana a hankali ba ko a gidan makoki.

"Ikram! Mai sayen firijin ya zo! Ki sauko ki kwashe maganin Baba, katifun ma yau zai ɗauka!"

Hoton ya daina motsi. Hudaifa ya juyo da wayar, fuskarsa ta bayyana.

"Wane firiji?"

"Tsoho ne..."

"Da katifu? Ikram, a kan me za ku kwana?"

Ikram ta kawar da wayar daga fuskarta.

"Ki yi min magana, don Allah!"

Sai hawayen ya ɓalle. Ta gaya masa duka, a rarrabe, tana shessheƙa. Kafil ɗin Baba, mutumin da iƙamarsu, takardar zaman ƙasa, take ƙarƙashin sunansa tun Baba yana gasa tsire da ƙarfinsa, ya rasu. Magada sun rufe shagon. Babu mai ɗaukar nauyin tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye. Yaya Idris ya buga ko'ina bai samu mafita ba, ya ce gara su fita da mutuncinsu kafin a fitar da su.

"Yaushe?"

"Talata... Injamena."

"Talata? Ni sai Alhamis zan sauka! Kika bar ni ina yawo ina nuna miki cuku?"

"Me za ka iya daga can? Ko kana nan me za ka iya? So nake na ga garin nan tare da kai muna dariya, ko sau ɗaya."

"Ki zauna! Ki koma wurin Ummina a unguwar Zahir, ta ce ke 'yarta ce. Izinin zai fito, wallahi zai fito!"

"Na zauna da wace takarda, Hudaifa? Kuma Baba fa? Ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai nawa. Jiya Saudatu ta gwada, ya datse baki yana nemana da ido. Wa zai juya shi? Wa zai gane abin da yake faɗa?"

"Ni fa, ya galbi? Ni wa zai gane nawa?"

Tana sonsa son da har tsoro yake ba ta, tana kuma son tsohon da ke kwance a ƙasa, kuma babu wanda zai raba ta biyu.

Ya ci gaba da tafiya ba tare da ya san inda ya nufa ba. Ginshiƙai suna wucewa ta bayansa, masu kekuna suna kauce masa. Ya ce zai sayi tikiti yau. Ya ce zai bi ta Injamena. Ya ce zai bar aikin. Duk ta bar shi ya faɗa, don su biyun sun san mahaifiyarsa ba ta da wani ɗa sai shi.

Kiran sallar la'asar ya tashi daga masallatan Mansur, ya shiga wayar har Bolonya. Hudaifa ya tsaya cak a wani ɗan fili da babu kowa sai tattabaru.

"Ko azahar ban yi ba," ya ce da dasasshiyar murya. Ya waiga hagu, ya waiga dama. "Ikram... ina alƙibla? Wayar ce take nuna min, kuma ba zan katse kiran nan ba."

Ɗan Makka da tambayar alƙibla! A wata ranar da ta yi masa dariya har da riƙe ciki. Ta ɗaga kai ta dubi hasumiyar agogo da ke tsaye a kan Harami, wadda kullum tana buɗe ido take gani.

"Ka sa rana a damanka. Tun ranar da ka tafi na duba taswira, na san ta inda kake. Ƙara juyawa kaɗan... yauwa. Makka tana gabanka."

"Kina gabana ke nan."

"Yau dai ina nan." Ta share fuska da gefen mayafi. "Daga Talata ni ma sai na tambaya."

Ya shimfiɗa rigar sanyinsa a kan duwatsun, ya jingina wayar a gindin ginshiƙi. Garin ya ɓace, fuskarsa ta ɓace. Babu abin da ya rage a wayar sai takalmansa guda biyu da ya cire, duk sun yi ƙura saboda yawon da ya yi da ita.

Saudatu tana ta kwaɗa mata kira daga ƙasa. Ikram ta riƙe wayar da hannu biyu tana kallon takalman, ba ta kashe ba.