Tawadar Mai Kwantiragi

Na san shi tun yana wani ɗan tsukukun shago a ƙarƙashin bene, da tsohuwar kwamfuta da firinta mai cin takarda. In mai kanti ko mai shagon magani zai ɗauki akawu ko sakatariya na wucin gadi, shi ke tsara takardar: ga albashi, ga wa'adi, ba hutu, ba kuɗin sallama. Mai Kwantiragi muke ce masa. Kullum yana rubuta wa wasu albashi, shi kuwa tukunyarsa sai ta kwana a kife. Ranar da aka watso musu kaya waje saboda bashin haya, matarsa ta zauna kan katifa a bakin titi. Washegari ya nufi wajen boka.

Ɗakin ba taga. Ga ƙahon rago naɗe da jan ƙyalle, ga ƙwarya cike da wani baƙin ruwa da ƙudaje ke kewayawa amma ba sa sauka. Bokan ya yanka baƙar kaza a kai, ya juya da yatsa.

"Ka zuba wannan a tawadar hatiminka. Duk wanda ya sa hannu, rabonsa naka ne."

"In wa'adinsa ya cika fa?"

"Ina ruwanka da ma'aikacin da aka sallama?"

"Baba, ban da iyalina."

"Mu ba mu san iyali ba. Hannu muka sani."

Mai Kwantiragi ya miƙa kwalbar tawadarsa.

Kafin shekara ta zagayo ya koma saman benen nan, da ma'aikata da mota. Kamfanoni har layi suke yi. Sai dai duk yaron da wa'adinsa ya ƙare, ba ya sake moruwa. Wata sakatariya ta kwanta ba ta tashi ba. Wani akawu ya shiga kasuwa tsirara. Labari na zuwa masa, sai ya ce, "Allah ya jiƙan musulmi," ya buga hatimi na gaba.

'Yarsa ta fari ta gama makaranta, ta ƙi zaman jiran kuɗin uba. A ɓoye ta samu aikin karɓar baƙi a wani ɗan asibiti. Bai sani ba sai ranar da aka sallame ta, ta ajiye masa takardar tana dariya.

"Baba, ashe ofishinka ne ya rubuta. Kai, ba ka da tausayi, ko hutu babu."

Ya koma wajen boka da rarrafe.

"Ka karɓe komai, ka bar min ita."

"Kai da kanka ba ka taɓa ƙara wa kowa wa'adi ba."

Washegari 'yar ta rasu, da la'asar aka yi jana'izarta. Uwar ta zauce, sai da aka ɗaure ta da igiya. Shi kuwa ya zazzaga fetur a ofis ya ƙyasta ashana. Aka ciro shi hannuwa sun narke, yau sai an ba shi abinci a baki.

Kai mai gaggawar arziki, ji da kyau: talauci bai kashe masa kowa ba. Kwaɗayi ne ya haƙa kabarin.